DUNIYA MA TANA DA BAƘAƘENTA

Jawabin rediyo domin ɗaliban yaƙi da jahilci

     

Kowa ya ɗauko kaye da alƙalami. Mai allo ya goge allonshi. Yau za mu shiga wani ilimi da ƴan lakkol ke kira shimi. Da Hausa muna ce ma shi ilimin sinadarai. Shi ne ilimin da ke binciken abin da ke cikin abubuwa. Mi ke cikin ruwa? Mi ke cikin gishiri? Mi ke cikin iska? Mi ke faruwa in an gama wannan da wancan?

Kada sunan ya ba ku tsoro. Macen da ke jefa kanwa cikin miyar yakuwa, aikin shimi take yi. Maƙerin da ke zuga wuta, aikin shimi yake yi. Haka marini, haka majemi, haka mai dafa sabuni. Hannu ya daɗe da sanin aikin. Abin da ya rage shi ne sanin dalili. Sanin dalilin nan yana tsare kuɗin manomi. Wani lokaci ma yana tsare rai.

BAƘAƘE KAƊAN, KALMOMI DUBBAI

Mu fara da abin da kuka riga kuka iya. Ku rubuta: kare. Baƙaƙe huɗu ke nan: k, a, r, e. Yanzu ku sake jera su, ku sa r a gaba: rake. Ba a ƙara komi ba, ba a rage komi ba. Amma kare haushi yake yi, rake kuwa sha ake yi.

Ku sake rubuta: ƙaya. Ku ƙara r a tsakiya. Ta zama ƙarya. Baƙi guda aka ƙara, magana ta canja gaba ɗaya.

Baƙaƙen Hausa duka, har da wasula, ba su kai 40 ba. Amma da su ake rubuta wasiƙa, da takardar bashi, da sunan kowane gari. Baƙaƙe kaɗan, kalmomi dubbai.

To, haka duniya take. Ruwa, ƙasa, itace, nama, iska, tufa, duk an gina su da waɗansu abubuwa ƙalilan. Su ne ake kira sinadaran asali. Sinadarin asali shi ne abin da ba a iya raba shi a fitar da wani abu dabam, ko an dafa, ko an ƙona, ko an narkar. Ƙarfe tsantsa sinadarin asali ne. Zinariya ma haka. Masana sun san sinadaran asali 118. Wajen 90 daga cikinsu ana samun su cikin ƙasa da ruwa da iska. Sauran, masana ne suka haɗa su a ɗakunan bincike.

A shekara ta 1869, wani malami ɗan ƙasar Rasha mai suna Mendeleyef ya jera sinadaran asali a kan allo guda, kowane kusa da danginsa. A lokacin 63 aka sani. Ya bar gurabe babu komi, ya ce akwai masu su, ba a gano su ba tukuna. Daga baya aka gano su, suka shiga gurabensu. Har yau da allon nan ake karantar da ɗalibai.

Kowane sinadarin asali yana da alamarsa, baƙi guda ko biyu. Alamar nan ɗaya ce a Yamai, da Kano, da Faris, da Makka. Ku rubuta waɗannan:

H, idrojen.
O, oksijen.
C, karbon.
N, azot.
P, fosfor.
K, potasiyom.
Na, sodiyom.
Cl, kulor.
Fe, ƙarfe.

Da yawa daga cikinsu suna ƙarƙashin ƙafarmu. Gawayin da ke cikin murhu karbon ne. Gawayin dutse da ake haƙa a Anu Araren, cikin jihar Agadas, shi ma yana ɗauke da karbon. Uraniyom, mai alamar U, shi ne na 92 a kan allo. An fara fitar da shi a Arlit a shekara ta 1971.

ƘWAYAR ZARRA

Ku ɗauki guntun ƙarfe a zuci. Ku raba shi biyu. Ku sake raba rabin. Ku yi ta rabawa. A ƙarshe za a kai ga wata ƙwaya wadda ita ce mafi ƙanƙanta da za a iya kira ƙarfe. Sunanta ƙwayar zarra. Ƴan lakkol suna ce ma ta atom.

Ido ba ya ganin ta. In an jera ƙwayoyin zarra na ƙarfe miliyan 4 a layi guda, tsawonsu bai kai faɗin ƙwayar hatsi guda ba. Kowane sinadarin asali yana da tashi irin ƙwayar zarra. Ta ƙarfe dabam, ta karbon dabam, ta oksijen dabam.

YADDA AKE RUBUTA RUWA DA GISHIRI

Ƙwayoyin zarra ba su cika zama su kaɗai ba. Suna kama juna, kamar yadda baƙaƙe ke kama juna su zama kalma. In biyu na idrojen suka kama guda na oksijen, ruwa ke nan. Ana rubuta shi haka: H₂O. Ƙaramin 2 na ƙasa yana nufin H biyu ne. Ruwan rijiya, ruwan sama, ruwan kogin Kwara, duk H₂O ne.

Ku lura da abin mamaki. Idrojen iska ce mai kama wuta. Oksijen iska ce mai raya wuta. Amma da suka haɗu, sai suka haifi ruwa, mai kashe wuta.

Gishiri ma haka. Ana rubuta shi NaCl, wato sodiyom da kulor. Sodiyom shi kaɗai ƙarfe ne mai taushi. In an jefa shi cikin ruwa sai ya yi ta tafasa, har ya iya kama wuta. Kulor shi kaɗai iska ce mai guba. Amma da suka haɗu, sai ga gishirin da muke zuba ma tuwo da miya, muke ba dabbobi su lasa.

Darasi ke nan babba: in sinadarai suka haɗu haɗuwa ta gaske, abin da ya fito ba ya ɗaukar halin iyayensa. Sabon abu ne, da sabon hali. Ku tuna da kare da rake.

CUƊANYA DABAM, CANJI DABAM

Ba duk gami ne ke haifar da sabon abu ba. Gami iri biyu ne.

Na farko, cuɗanya. In hatsi ya cuɗu da tsakuwa, hatsi yana nan hatsi, tsakuwa tana nan tsakuwa. Mace ta sa faifai da rariya ta raba su. In gishiri ya narke cikin ruwa, ido ba ya ganin shi, amma harshe yana jin shi. Bai ɓace ba. Mutanen Bilma da Fashi sun san haka. Suna barin ruwan gishiri cikin ramu, rana ta shanye ruwan, gishiri ya kwanta. Da shi ake yin kantu, ayarin raƙuma ya ɗauko zuwa kudu. A Dallol Foga kuwa, ƙasa mai gishiri ake tacewa da ruwa, a dafa ruwan a kan wuta har ya ƙafe. Rana ko wuta, aikin guda ne: a kori ruwa, a bar gishiri.

Na biyu, canji na gaske. In an ƙona itace, ba mai iya maida toka ta koma itace. In madara ta yi tsami ta zama nono, ba ta komawa madara. A nan baƙaƙen ne suka saki juna, suka sake jeri, suka rubuta sabuwar kalma.

Tsatsa misali ce da kowa ya sani. Ka bar kalme a waje duk damina, sai ka tarar ya yi ja, yana marmashewa. Ƙarfe ne ya haɗu da oksijen na iska, danshi ya taimaka musu. Shi ya sa in an gama aikin gona ake goge kayan aiki, a shafa musu mai, a ajiye su wuri mai bushewa. Mai yana shiga tsakanin ƙarfe da iska.

Kakanninmu maƙera sun iya juya aikin nan baya. Suna haƙo tama, wadda ƙarfe ce da ta riga ta kama oksijen. Su zuba ta cikin wuta mai ƙarfi tare da gawayi. Karbon na gawayi ya ƙwace oksijen ya tafi da shi cikin iska, ƙarfe ya rage. Ba su san sunan oksijen ba, amma sun san yadda ake raba shi da ƙarfe.

Wani zai ce: in an ƙona dami guda na itace, toka cikin tafi ke ragewa, ina sauran? Wani masani ɗan Faransa mai suna Lavwaziye, wanda ya rasu a shekara ta 1794, ya amsa tambayar nan da ma'auni. Yana auna kaya kafin canji, ya auna bayan canji, cikin tulu rufaffe. Nauyi bai ƙaru ba, bai ragu ba. Ashe ba abin da ke ɓacewa. Sauran itacen ya tashi sama ne, ya zama iska da tururi.

DANGIN TSAMI DA DANGIN KANWA

Akwai dangi biyu da kowace uwargida ta sani. Dangin tsami: lemun tsami, tsamiya, yakuwa, nono. A lakkol ana ce musu asid. Dangin kanwa: kanwa, ruwan toka, sabuni. A lakkol ana ce musu baz.

In dangin nan biyu suka gamu, kowane yana kashe ƙarfin ɗan'uwansa. Hausawa sun ce kanwa ta kar tsami. Maganar nan gaskiya ce har a ɗakin bincike.

Ga gwajin da za ku yi a makaranta, ba ya cin kuɗi. Ku jiƙa zoɓorodo har ruwan ya yi ja. Ku raba shi kofi uku. Na farko ku bar shi. Na biyu ku matsa lemun tsami: janshi zai ƙara haske. Na uku ku zuba ruwan kanwa: zai yi duhu, ya juya wajen kore. Zoɓorodo ya zama alƙali, yana faɗa muku dangin kowane abu. Daga nan ku matsa lemu a kan guntun kanwa. Za ku ga kumfa, ku ji yana cuwa. Kumfan nan sabuwar iska ce ta fito. Shaidar canji ke nan.

Kanwarmu ta ƙasar Manga da ta Dallol Boso tana ɗauke da sodiyom. Turawa suna ce ma kanwa natron. Alamar Na ma daga sunan nan ta samo asali.

Sabuni shi ma ɗan canji ne. A dafa mai da ruwan toka, ko da soda, sai a sami abin da ba mai ba ne, ba toka ba ne. Mai yana ɓata tufa, sabuni yana wanke ta.

Amma a kula. Cikin kowane dangi akwai masu sauƙi, akwai masu zafi. Ruwan batirin mota tsami ne mai ƙuna. Sodar dafa sabuni dangin kanwa ce mai cin fata. Tana kama da gishiri ko sukari, ruwanta kuma yana kama da ruwan sha. Kada a taɓa ɗanɗana abin da ba a sani ba. Kada a zuba ruwan soda cikin butalin ruwan sha ko kwanon abinci. A ajiye shi sama, inda hannun yaro bai kai ba. Ku da kuka iya rubutu, ku rubuta suna a jikin mazubi. In ya taɓa fata ko ido, a wanke da ruwa mai yawa, a daɗe ana wankewa. In yaro ya sha, kada a sa shi amai. A ruga da shi gidan likita. Ruwan jabel kuma kada a gama shi da wani abu mai tsami. Gamin nan yana sakin kulor, iskar nan mai guba da muka ambata.

WUTA CIKIN ƊAKI RUFAFFE

Yanzu ku buɗe kunne da kyau. Iskar da muke shaƙa cuɗanya ce. Cikin kashi 100, wajen 78 azot ne, wajen 21 oksijen ne. Oksijen shi ne abincin numfashi, shi ne kuma abincin wuta. Shi ya sa maƙeri ke zuga zugazugi. Shi ya sa in an kife ƙwarya a kan fitila take mutuwa.

In gawayi yana ci inda iska ke shiga sosai, kowane C guda yana kama O biyu. Ku rubuta: CO₂. Ita ce iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Ita ce kumfan lemu da kanwa. Ita ce tsirrai ke sha ta ganye.

In kuwa gawayi yana ci inda iska ba ta isa ba, C yana kama O guda kawai. Ku rubuta: CO. Ku dubi kalmomin nan biyu. O guda ne ya raba su, kamar r na ƙaya da ƙarya. Amma CO guba ce. Ba ta da launi. Ba ta da wari. Ba hayaƙi ba ce da zai sa ka tari ka farka. Tana shiga jini, ta tare wurin oksijen. Mutum ya fara ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. Mai barci kuwa yana iya wucewa bai farka ba.

Lokacin ɗari, cikin Disamba da Janairu, mutane suna shiga da kaskon wuta ɗaki, su rufe ƙofa da taga, su toshe kowace kafa. Samari suna dafa shayi a ɗaki rufaffe. Maijego tana kwana da garwashi kusa da jinjiri. Jama'a, a bar wannan. Kada a kwana da garwashi cikin ɗaki. Wanda zai ji ɗumi ya bar taga buɗe, in zai kwanta ya fitar da kasko waje. Injin wutar lantarki shi ma yana fitar da CO, wurinsa waje ne, nesa da taga. In mutanen ɗaki guda suka tashi duka da ciwon kai da jiri, kada a tsaya neman wanda ya yi musu sammu. A buɗe ƙofa, a fitar da su sarari, a kai su gidan likita.

MU KARANTA BUHUN TAKI

Manoma, ga naku. A jikin buhun takin zamani za ku ga an rubuta NPK 15-15-15. Yau kun san baƙaƙen nan. N azot ne, yana sa ganye ya yi kore, kara ya tashi. P fosfor ne, yana ƙarfafa saiwa, ya taimaki zangarniya. K potasiyom ne, yana ba shuka ƙarfin jure wahala. Lambobin suna faɗin yawa: cikin kilo 100 na takin, azot yana da kilo 15; fosfor da potasiyom kuwa ana auna su haɗe da oksijen, kowane kilo 15.

Akwai kuma farin taki mai suna ire. A jikin buhunsa za ku ga 46. Azot kaɗai gare shi, kashi 46 cikin 100. Mu yi lissafi. Buhun ire mai kilo 50 yana ɗauke da azot kilo 23. Buhun 15-15-15 mai kilo 50 yana ɗauke da azot kilo 7 da rabi. Ire ya ninka shi sau uku wajen azot, amma ba shi da P, ba shi da K. Ƙasarmu ta jigawa kuwa tana da ƙarancin fosfor ƙwarai. Wanda ya zuba ire kaɗai ya ciyar da ganye ya bar saiwa da yunwa.

Ire kuma ba ya son a watsa shi a bar shi a fili. In ya kwanta bisa ƙasa cikin zafin rana, wani kashi na azot yana zama iska ya tashi. Kuɗinka ne ke tashi. A sa shi lokacin da ƙasa ke da danshi, a rufe shi da ƙasa. Wanda ba shi da kuɗin taki mai yawa, akwai dabarar sa kaɗan a kowane ramin shuka, wajen giram 6 na 15-15-15. Ku tambayi malamin gona ya nuna muku awon.

Wani zai ce: iska cike take da azot, domi za mu saye shi? Domin hatsi da dawa ba su iya ɗaukar shi daga iska. Wake da gujiya su ne masu sa'a. Ku tuge wake ku dubi saiwarsa, za ku ga ƴan ƙulle-ƙulle. Cikinsu akwai ƙananan halittu masu kama azot na iska su ba shuka. Shi ya sa gonar da aka yi wake ko gujiya take ma hatsi daɗi a shekara mai zuwa. Takin dabbobi kuma kada a raina shi. Yana da N, da P, da K, ko da yake kaɗan kaɗan, kuma yana sa ƙasa ta riƙe ruwa.

ABIN DA ZA A RIƘE

1. Komi na duniya an gina shi da sinadaran asali, kamar yadda ake gina kalmomi da baƙaƙe.
2. Cikin cuɗanya, kowane abu yana nan da halinsa, ana iya raba su.
3. Cikin canji, sabon abu ke fitowa da sabon hali.
4. Ba abin da ke ɓacewa, sai dai ya sake kama.
5. Ba a kwana da garwashi cikin ɗaki rufaffe.

AIKIN MAKO

Ku rubuta amsa cikin kaye, ku nuna ma malaminku.

1. Mi ne ne bambancin CO da CO₂?
2. Sukari cikin shayi, cuɗanya ne ko canji? Tsatsa fa?
3. Ku ambaci abu biyu na dangin tsami, da abu biyu na dangin kanwa.
4. Kilo nawa na azot ke cikin buhun ire biyu masu kilo 50?
5. Ran kasuwa, ku nemi buhun taki, ko kwalin magani, ku kwafo baƙaƙe da lambobin da ke jikinsa. Ku kawo makaranta a karanta tare.

Abin da kuka ji yau, kada ya tsaya gare ku. Ku faɗa ma maƙwabci, ku faɗa ma mai ɗaki, ku faɗa ma samari masu shayi, tun ba maganar garwashi ba. Wanda ya iya karanta kare da rake, zai iya karanta NPK.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa war haka, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.